Daga Sara Zuwa Zarra: Yadda Kalma Ke Samun Ma'ana a Tasha da Ɗakin Gwaji

Kalma ba ta zuwa duniya da ma'anarta a goshi. Masu amfani da ita ne ke ɗora mata ma'ana, su riƙe ta, ko su sauya ta idan bukata ta sauya. Akwai rukunin mutane biyu da suka yi fice wajen ƙirƙirar kalmomi cikin sauri, ko da yake a zahiri babu abin da ya haɗa su. Na farko su ne matasan tasha da kasuwa da majalisar bakin titi, irin waɗanda ake samu a Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa da sauran garuruwan ƙasar Hausa. Na biyu su ne masana kimiyyar fiziks masu binciken ƙananan ƙwayoyin da aka gina duk wani abu da su. Wannan lacca za ta bi hanyoyin da kowane rukuni ke bi wajen raɗa suna, ta bayyana muhimman kalmomin ilimin ƙwayoyin zarra da Hausa, sannan ta nuna inda hanyoyin biyu suka haɗu da inda suka rabu.

Sara da Hanyoyin Haihuwarta

Sara ita ce kalma ko magana da wani rukuni ke yayinta na ɗan lokaci, da ma'anar da ba lallai a same ta a ƙamus ba. Ta bambanta da zaurance, wanda ake cusa wasu gaɓoɓi a cikin kalma don a ɓatar da mai sauraro. Ta kuma bambanta da karin harshe irin Katsinanci ko Zazzaganci, wanda ake gadonsa daga iyaye. Sara ta sa'o'i ce, daga aboki take zuwa aboki, kuma amfaninta biyu ne: taƙaita magana, da tantance ɗan gida daga baƙo.

Hanya ta farko da sara ke haihuwa ita ce faɗaɗa ma'anar tsohuwar kalma. Wanka a asali tsabtace jiki ne da ruwa, amma idan saurayi ya ce abokinsa "ya ɗau wanka", ado yake nufi. Haɗuwa gamuwa ce, amma "abin ya haɗu" na nufin ya yi kyau matuƙa. Awon igiya ya tashi daga auna fili da igiya ya koma sunan harkar yanka filaye ana sayarwa ba bisa tsari ba.

Hanya ta biyu aro ce daga wani harshe tare da lanƙwasa kalmar ta dace da bakin Bahaushe. Daga nan aka sami gaye da gayu, da ɗan kamasho a tasha, da sholisho a bakin masu shaye-shaye. Wayar hannu ta zo da nata kason: sabis, da data, da kati, da fulashin, da caji. Mutanen wannan yanki sun san nauyin kalmar sabis fiye da mutanen wurare da dama, domin a watan Satumba na 2021 an katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina saboda matsalar tsaro, kuma Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa suna cikinsu.

Hanya ta uku ita ce raɗa suna daga wani abu da ya faru ko wani mutum. Takardar naira 20 da aka fitar a 1977 da hoton Janar Murtala Muhammed ta zama "Murtala" a bakin jama'a. A Daidaita Sahu sunan shirin gyaran tarbiyya ne na gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau a Kano, amma yau babur mai ƙafa uku ake nufi da shi. Ɗan 419 ya samo sunansa daga lambar sashen dokar da ke hukunta damfara. Rashin tsaro ma ya haifar da nasa kalmomin: infoma, da 'yan sa-kai, da tubabbu, har kalmar daji ta ƙara ma'ana, ta zama mazaunin 'yan bindiga.

Sara tana da ƙasa kamar yadda take da zamani. Matasan da Kano ke kira 'yan daba, Katsina ƙauraye take ce musu, Gombe kuwa 'yan kalare. Yawancin sara tana mutuwa tare da yayinta, amma wata takan zauna har ta zama daidaitacciyar Hausa. Jaka misali ce. A zamanin Turawa fam 100 ake zubawa a jaka guda. Da aka sauya kuɗi zuwa naira ranar 1 ga Janairu, 1973, fam ɗaya ya zama naira 2, jaka ta zama naira 200. Jakar kanta ta ɓace, fam ya ɓace, amma dattijo a kasuwar Sheme ko ta Ƙanƙara zai iya yin ciniki da jaka har gobe.

Yadda Ake Bayyana Ma'anar Sara

Idan aka tambayi matashi ma'anar cuwa-cuwa, ba zai kawo jimla irin ta ƙamus ba. Misali zai bayar: wane da ke shiga tsakanin mai saye da mai sayarwa, ya ɗora nasa a kai ba tare da kowa ya sani ba. Wannan bayani na baka yana da ƙarfi, domin yana tafe da rayuwar da mai sauraro ya sani. Rauninsa shi ne ba shi da iyaka. Wani zai ɗauki cuwa-cuwa a matsayin neman na kai, wani ya ɗauke ta a matsayin ha'inci, kuma babu alƙalin da zai raba gardama.

Masu ƙamus sun daɗe suna bin sawun irin waɗannan kalmomi. Ƙamusun G. P. Bargery na 1934 da na R. C. Abraham na 1949 sun adana kalmomi masu yawa da yanzu sai tsofaffi ke tunawa da su. Jami'ar Bayero ta fitar da Ƙamusun Hausa, Hausa zuwa Hausa, a 2006. Amma kullum sara tana gaba ƙamus yana baya, domin kafin a buga littafi matasa sun yi sabon yayi.

Ƙwaya da Zarra

Kalmar ƙwaya ita ce gadar da ta haɗa ɓangarorin biyu. A wurin manomi ƙwayar masara ce ko ta dawa. A asibiti ƙwayar magani ce ko ƙwayar cuta. A sarar matasa, "ɗan ƙwaya" mai shan miyagun ƙwayoyi ne. A ajin kimiyya kuwa, ƙwaya na nufin kowane ɗan ƙanƙanin abu da ake iya ƙirga shi ɗaya-ɗaya.

Zarra daga Larabci ta zo. Ta zo a Alƙur'ani mai girma, a Suratuz Zalzala da wasu wurare, kuma malaman tafsiri sun fassara ta da ƙaramar tururuwa ko ƙurar da ake gani a cikin hasken rana idan ya ratso ɗaki. Larabcin zamani ya ɗauki kalmar ya ba mafi ƙanƙantar yanki na sinadari, Hausa ma ta bi sahu da "ƙwayar zarra". Tunanin kansa tsoho ne. Dimokuritus na Girka, wajen shekara 400 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ya ce idan aka yi ta raba abu za a kai ga yankin da ba ya rabuwa, kuma kalmar atom a Girkanci ma'anarta ke nan, abin da ba ya yankuwa. Malaman tauhidi na Musulunci sun tattauna makamancin wannan da sunan jauharul fardi. A farkon ƙarni na 19 John Dalton na Ingila ya ɗora tunanin a kan awo. Daga baya aka gano zarra tana rabuwa, amma sunan ya riga ya zauna.

Abin da Ke Cikin Zarra

Zarra ƙanƙanuwa ce ƙwarai: sai an jera miliyoyinta kafin su cika milimita ɗaya. Ƙwayoyi uku ne suka gina ta.

Ilektiron ita ce ta farko da aka gano, a hannun J. J. Thomson a Kambirij a 1897. Tana ɗauke da caji mai alamar ragi, kuma tana kewaye da tsakiyar zarra. Gudanar ilektiron a cikin waya shi ne wutar lantarki. Sunanta daga kalmar Girkanci ne ta wani busasshen ƙaro, wanda idan aka goga shi yakan jawo ƙananan abubuwa.

Cibiyar zarra Ernest Rutherford ya gano ta a Manchesta a 1911, bayan an harba wasu ƙwayoyi a kan siririn fallen zinariya aka ga kaɗan daga cikinsu sun dawo baya. Cibiyar ta tattara fiye da kashi 99.9 cikin ɗari na nauyin zarra, amma wurin da ta ci kaɗan ne. Da za a kumbura zarra ta kai girman filin ƙwallo, cibiyarta ba za ta wuce ƙwayar gero a tsakiyar filin ba.

Furoton tana cikin cibiya, cajinta mai alamar ƙari ne, nauyinta ya ninka na ilektiron sau 1,836. Niyutiron, wadda James Chadwick ya gano a 1932, ita ma tana cikin cibiya, nauyinta ya ɗara na furoton kaɗan, kuma ba ta da caji.

Yawan furoton ne ke tantance sinadari, kuma sinadarai 118 aka sani a yau. Farar ƙasar da ake haƙa a Ƙanƙara, wadda masu bincike a jami'o'i suka daɗe suna nazarinta, sinadarai huɗu ne ginshiƙinta: alminiyam mai furoton 13, silikon mai 14, oksijin mai 8, da haidurojin mai 1. Zinariyar da ake nema a dazukan Birnin Gwari, maƙwabtan Sabuwa, furoton 79 gare ta, dalma kuwa 82. Furoton uku kacal ne tsakaninsu.

Caji a fiziks ya bambanta da cajin waya. Mai shagon caji yana nufin cika batir da makamashi. Masanin fiziks yana nufin wata sifa ta ƙwaya mai iri biyu: iri ɗaya suna ture juna, mabambanta suna jan juna. Batir da ya mutu bai rasa ilektiron ɗinsa ba. Sun koma ɓangaren da ba su da sauran ƙarfin yin aiki ne, caja kuma ita ke mayar da su inda suka taso.

Foton, Niyutirino da Sauransu

Foton ƙwayar haske ce. Albert Einstein ya nuna a 1905 cewa haske yana zuwa ne a dunƙule-dunƙule, sunan kuma ya bazu daga 1926. Foton ba ta da nauyi ko caji, tana gudun kusan kilomita 300,000 a daƙiƙa, kuma takan ɗauki minti 8 da 'yan daƙiƙoƙi daga rana zuwa ƙasa. Farantin sola da ke kan rufin shago ko a kan rijiyar burtsatse a ƙauyukan Faskari da silikon aka yi shi. Foton ta faɗo a kansa ta zaburar da ilektiron, ilektiron ta bi waya, famfo ya tashi. Hoton ƙashi na asibiti ma foton ne, sai dai mai ƙarfin da ke ratsa tsoka.

Niyutirino kalmar Italiyanci ce mai nufin 'yar ƙaramar marar caji. Wolfgang Pauli ya yi hasashenta a 1930 don ya cike giɓin makamashin da ke ɓacewa a wasu gwaje-gwaje, Enrico Fermi ya yaɗa sunan, amma sai 1956 aka kama ta a Amurka. Kimanin biliyan 65 daga rana suna ratsa kowane murabba'in santimita na doron ƙasa a kowace daƙiƙa, dare da rana, kusan dukkansu ba tare da sun taɓa komai ba.

Miyuwon 'yar'uwar ilektiron ce mai nauyi, ta ninka ta sau 207. Tana samuwa a sararin sama idan ƙwayoyi masu gudu daga wajen duniya suka bugi iska, kuma rayuwarta kimanin kashi biyu ne cikin miliyan na daƙiƙa. Fozitiron kishiyar ilektiron ce: nauyinsu ɗaya, cajinsu akasin juna. Lissafin Paul Dirac na 1928 ya nuna hanyar samuwarta, Carl Anderson ya gan ta a 1932. Idan kishiyoyin biyu suka haɗu sukan ɓace su zama foton, kuma da wannan ake aiki a wata na'urar asibiti mai gano ciwon daji.

Sarar Masana

A nan ne kamar da ke tsakanin masana da matasa ta fi fitowa fili. A 1964 Murray Gell-Mann da George Zweig, kowa a nasa ɓangaren, suka kawo ra'ayin cewa furoton da niyutiron ma gina su aka yi da wasu ƙwayoyi. Gell-Mann ya kira su kwak. Sautin ne ya fara zo masa a baki, daga baya ya tsinci rubutunsa a littafin Finnegans Wake na James Joyce. Zweig ya ba su sunan wani kati na karta, amma nasa sunan bai karɓu ba, kamar yadda wata sara ke mutuwa tun a majalisar da aka haife ta.

Kwak iri shida ne, kuma sunayensu kalmomin yau da kullum ne na Turanci, waɗanda ma'anarsu a Hausa ita ce sama, ƙasa, baƙo, mai farin jini, gindi da ƙoli. Furoton tana da sama biyu da ƙasa ɗaya, niyutiron tana da sama ɗaya da ƙasa biyu. Cajin sama kashi biyu cikin uku ne na ƙari, na ƙasa kashi ɗaya cikin uku na ragi. Duk ɗalibin da ya iya lissafin ɓangare zai tabbatar da kansa cewa jimlar furoton ɗaya ce, ta niyutiron sifiri. An kira na uku baƙo ne saboda ƙwayoyin da ke ɗauke da shi sun fi daɗewa kafin su ruguje fiye da yadda aka zata. An gano mai farin jini a 1974, gindi a 1977, ƙoli a 1995, kuma shi kaɗai nauyinsa ya kusa na zarrar zinariya sukutum.

Masana suna kiran waɗannan iri shida "ɗanɗano", alhali babu mai ɗanɗana su. Suna cewa kwak yana da "launi", ja ko kore ko shuɗi, alhali ba launin da ido ke gani ba ne, wani nau'in caji ne mai iri uku. Ƙwayar da ke ɗaure kwak da kwak an kira ta giluwon, daga kalmar Turanci ta gam, kuma an tabbatar da ita a Hambag ta Jamus a 1979. Hatta ma'aunin faɗin cibiyar zarra sara ce: a 1942, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, wasu masana a Jami'ar Purdue ta Amurka suka kira shi da kalmarsu ta rumbun gona, domin a duniyar ƙwayoyi cibiyar yuraniyom ƙatuwa ce. Sunan ya kuma taimaka wajen ɓoye binciken da suke yi, kuma har yau da shi ake awo.

Ƙarfi Huɗu da Ƙwayar Higgs

Ƙarfi huɗu ne ke tafiyar da mu'amalar ƙwayoyi. Akwai ƙarfin jan nauyi, wanda ke faɗo da mangwaro ƙasa. Akwai ƙarfin lantarki da maganaɗisu, wanda foton ke ɗauke da shi. Akwai ƙaƙƙarfan ƙarfi, na giluwon, mai riƙe cibiyar zarra. Akwai kuma rarraunan ƙarfi, wanda ke sauya wani kwak zuwa wani, kuma da shi wutar rana ke fara ci. Ƙwayoyin da ke ɗauke da shi, W da Z, an gano su a 1983. Ƙwayoyin da ke ɗaukar ƙarfi suna cikin ajin boson, wanda aka raɗa wa suna don girmama Satyendra Nath Bose na Indiya. Waɗanda ke gina jiki, irin su ilektiron da kwak, suna cikin ajin famiyon, wanda aka raɗa wa suna don girmama Fermi.

Abdus Salam na Pakistan, tare da Sheldon Glashow da Steven Weinberg, sun nuna cewa ƙarfin lantarki da rarraunan ƙarfi tushensu ɗaya, suka sami kyautar Nobel a 1979. Salam ne ya kafa cibiyar nazarin fiziks ta Tiriyeste a Italiya a 1964, musamman don masana daga ƙasashe masu tasowa, kuma 'yan Afirka da dama sun yi karatu a can.

A 1964 Peter Higgs da wasu masana suka yi bayanin yadda ƙwayoyi ke samun nauyi ta hanyar cuɗanya da wani fage da ya game ko'ina. An sanar da gano ƙwayar da ke tabbatar da haka ranar 4 ga Yuli, 2012, a cibiyar CERN kusa da Janiba, inda ake karo da furoton a cikin wani rami mai zagayen kilomita 27 a ƙarƙashin iyakar Faransa da Suwizalan. Nauyinta ya ninka na furoton kusan sau 133. 'Yan jarida sun laƙaba mata wani suna da ke jingina ta ga Ubangiji, wanda ya samo asali daga sunan wani littafi na 1993. Wannan laƙabi ba na kimiyya ba ne, Higgs kansa bai so shi ba, kuma bai dace a shigo da shi Hausa ba. Sunanta boson ɗin Higgs.

Wannan ilimi bai tsaya a Turai ba. A Zariya, Cibiyar Binciken Makamashi da Horarwa ta Jami'ar Ahmadu Bello tana da ƙaramar tukunyar nukiliya ta bincike, wadda ta fara aiki a 2004 da ƙarfin kilowat 30. Ana jefa niyutiron a kan samfurin ƙasa ko dutse ko hatsi, sai kowane sinadari da ke ciki ya fitar da foton mai nasa ƙarfin, a gane shi a kuma auna yawansa.

Inda Suka Rabu

Sara da keɓaɓɓun kalmomin fiziks haihuwarsu ɗaya: rukuni ya ɗauki kalmar gida, ya ɗora mata sabuwar ma'ana. Bambancin yana ga abin da ke riƙe ma'anar. Yayi ne ke riƙe sara, shi ya sa take sauyawa daga gari zuwa gari. Awo ne ke riƙe kalmar kimiyya. Ilektiron a Sabuwa ita ce ilektiron a Tokiyo, domin nauyinta da cajinta lambobi ne da kowa zai iya aunawa ya sami amsa ɗaya. Ba kyawun suna ne ya sa kwak ya zauna ba, gwaji ne ya tsaya masa.

Saboda haka zancen cewa Hausa ba za ta iya ɗaukar kimiyya ba bai da tushe. Harshen da ya mayar da makamashi daga itacen girki zuwa ma'anar da injiniyoyi ke nufi, ya kuma ƙirƙiri makamin ƙare-dangi da na'ura mai ƙwaƙwalwa, ba zai gaza a kan ƙwayoyi 17 na asali da masana fiziks suka tsara ba. Masana harshe sun riga sun nuna hanya a fagensu da Ƙamus na Keɓaɓɓun Kalmomi, wanda Farfesa Ɗalhatu Muhammad ya tace aka buga a 1990. Abin da ake bukata a kimiyya sharuɗɗa uku ne. Sunan da duniya ta yi tarayya a kansa, kamar furoton, a ara a rubuta shi da ƙa'idar Hausa. Abin da Hausa ke da kalmarsa, kamar cibiya da ƙarfi da nauyi, a yi amfani da ita amma a fayyace iyakarta. Kowace kalma kuma a haɗa ta da lambarta da gwajinta, don kada ta zama sara.

Ƙanƙara tana da makarantar sakandaren kimiyya ta gwamnati, wadda duniya ta san sunanta ta hanya mai ciwo, lokacin da aka sace ɗalibanta fiye da 300 a daren 11 ga Disamba, 2020, aka sako su bayan kwana shida. Yaran wannan yanki sun biya farashi mai tsada a kan neman ilimin kimiyya, kuma sun cancanci a kawo musu shi a harshen da suke tunani da shi, tare da Turancin da za su rubuta jarrabawa. Nauyin yana kan malaman fiziks da malaman Hausa na Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa: su zauna tare, su daidaita kalmomin, su rubuta su, su gwada su a aji, su kuma miƙa wa jami'o'i da gidajen rediyo abin da ya karɓu. Allah ya sa a dace.